Hannun da Ba a Gani Ba

Hannun Garzali yana sama tun ɗazu, amma motar ba ta tsaya ba. Ya daka tsalle gefe, gindinta ya daki bakin tirelar, ƙarar ƙarfe ta cika farfajiyar gidan.

Tsohuwar mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da murhu, irin wadda Larabawan Doha ke fita sahara da ita idan sanyi ya shigo. Duk shekara sai an ɗaura mata tirelar tankin ruwa, kuma tun kafin Garzali ya bar Katsina, Baba Mumin ne ke wannan aiki a gidan nan na Ain Khaled. Mutumin zangon Kumasi ne, mai taurin kai da tsabtar aiki. Ƙa'idarsa kowa ya haddace ta: direba ya yi baya a hankali, mutum ɗaya ya tsaya inda madubi zai kama shi, da ya ɗaga hannu a taka birki.

Baba Mumin ya sauko yana faɗa. "Kai wane irin mutum ne? Ba ka ɗaga hannu?"

"Na ɗaga, Baba."

"Ƙarya ne."

Garzali ya koma daidai inda ya tsaya, ya sake ɗaga hannun, ya buɗe yatsu. "Koma kujera ka duba madubi. Yatsa nawa?"

Tsohon ya hau. Ya daɗe a ciki, har Garzali ya ji kafaɗarsa ta fara tsami. Da ya sauko, faɗan ya ƙare.

"Tun azumi ne," in ji shi. "Gaba ina gani. Gefe ne kamar an zuba koko."

Tausayi ya kama Garzali, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Kafil ɗinsu, dattijon da ya kawo su ƙasar, zai fito nan ba da jimawa ba tare da jikokinsa, kuma hanyar kudu cike take da manyan motoci. Ya kuma san direban da ido ya gaza ba ya daɗewa a Doha.

Suka tura tirelar da hannu har bakinta ya zauna kan ƙwallon ƙarfen ƙugiyar da ke gindin motar. Baba Mumin ya durƙusa. Ya shafa waldar da ta riƙe ƙugiyar a jikin motar, ko karon ya tsaga ta. Ya danna murfin, ya zura sakata, ya gitta sarƙoƙi biyu ta ƙasa don su tallafe tirelar idan ta kuɓuce, ya jona wayar fitilu. Duk wannan kansa na kallon bango, yatsunsa ne ke aikin.

"Ni ba zan faɗa wa kafil ba, Baba," Garzali ya ce a hankali. "Amma wallahi ba zan iya kallon yaran nan su shiga ba."

"Na tambaye ka?"

Ƙofar gida ta buɗe. Yaran suka fito da gudu, da bargunansu da ƙwallo, suna rige-rigen kujerar taga. Kafil ya biyo su yana dogara sanda.

"Yalla, Mumin, mu tafi."

Baba Mumin ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwoyinsa. Ya ciro mukulli ya miƙa wa Garzali. "Yau shi zai tuƙa."

Kafil ya dubi Baba Mumin, ya dubi sabon lotsin da ke gindin motar. Ya tambaya da Larabci ko gajiya ce. Kowa a wurin ya gane hanya ya ba shi. Abin da ya rage wa Baba Mumin shi ne ya ce e kawai, a wuce, shekara ta zagayo.

"Ba gajiya ba ce." Baba Mumin ya ɗora yatsa a ƙasan idonsa. "Wannan ne. Khalas, ya ƙare."

Kafil ya murza kan sandarsa. Daga baya ya ce yaron Katsina bai san yashi ba, sai Mumin ya zauna gaba ya nuna masa hanya, sauran magana idan an dawo. Babu wanda ya tambayi wace magana ce.

Baba Mumin ya zagaya ya hau ta ɓangaren da bai taɓa zama ba. Garzali ya tayar da motar, tirelar ta yi ƙara ta biyo su. Suna isa bakin titi wata tifa ta taho da gudu, sai ya ga ƙafar tsohon ta danna ƙasa da ƙarfi, a inda babu birki.