Ɗakin Mama Hadassah

Ruwan Agustan bara ne ya tsaga bangon bayan ɗakin Mama Hadassah, tsagar da hannun mutum zai shige. Shi kaɗai ne ɗakin ƙasa da ya rage a layinsu na Unguwar Boro, benaye da shagunan bulo sun sa shi a tsakiya. A cikinsa Mama ta shekara talatin da wani abu tana karɓar haihuwa, tun unguwar tana gonakin dawa, babu asibiti sai an shiga gari. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, 'yarta Celina ce ke zaune a gidan.

Birkila uku Celina ta kira, duk bakinsu ɗaya: "Madam, sai dai a rushe. Mu bulo muka sani." Yayanta Samson ma ya ce wurin zai ci shago biyu. Ba ta yi masa gardama ba, ta dai roƙe shi ya ɗan saurara mata.

Wata tsohuwa a coci ce ta tuna mata da wanda ya gina ɗakin, Malam Zakariyya'u, maƙwabcinsu na da. Lokacin rikicin shekarar dubu biyu ya kwashe iyalinsa ya koma Makera, bai sake taka unguwar ba.

Da tambaya Celina ta gano gidan. Ta same shi kan tabarma a ƙofar gida, gemu ya yi fari fat, sanda a gefe. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, ba ka gane ni ba ko?"

Ya ƙura mata ido. "Wannan goshin ai na Hadassah ne. Salina ce?"

Da ta faɗa masa rasuwar, sai ya ce, "Allah sarki. Ba wanda ya gaya mini. 'Ya'yana huɗu a hannunta suka faɗo."

Ta kawo maganar bangon. Ya girgiza kai. "Gwiwoyina sun ƙi, 'yata. Ko tsani ba na iya hawa."

"Bakinka nake so, Baba. Ka zauna kawai, ka faɗa mana yadda za mu yi."

Ya ɗan murza carbinsa. Can ya ce, "Ba a taɓa ginin ƙasa da damina. Ki tokare shi da itace, ki rufe da tamfol. In ruwa ya ɗauke, ki aiko."

Wata Asabar cikin Nuwamba 'yarsa Bilkisu ta kawo shi a mota. Bai gane layin ba sam, har ya ce mata ta yi ɓatan kai. Sai da ya hango tsohon rufin kwanon ɗakin sannan ya gane wurin.

Celina ta riga ta sanar a coci da taron unguwa cewa duk wanda aka haifa a ɗakin ya zo a taimaka. Mutum goma ta sa rai, sama da arba'in suka zo. Akwai malamar makaranta, akwai direban tifa da ya kawo jar ƙasa, akwai Tagwai masu facin taya daga Narayi. Bilkisu ta cire takalmi, ta tattare zani, ita ta fara shiga cikin kwaɓin.

Malam yana kan kujera a inuwa, sai nuni yake da sanda. "Ƙara ciyawa! Kai mai jar riga, taka da dunduniya, ba rawa aka ce ka yi ba!" Aka fashe da dariya. Samson ya zo ya tsaya a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Malam ya hango shi.

"Samson, kai ne ka yi tumbi haka? Ranar da aka ɗora azarar ɗakin nan kana goye a bayan uwarka."

Samson ya sunkuyar da kai yana murmushi. Jim kaɗan ya naɗe ƙafar wando.

Asabar uku aka yi ana aiki. Aka cike tsagar, aka yi sabon yaɓe, aka shafe shi da makuba don kada ruwa ya ci. Celina ta mayar da akwatin Mama da fitilarta da 'yar kujerarta ciki, ta rataye hotonta. Samson bai ƙara ta da zancen shago ba.

Ranar ƙarshe azahar ta riske su a wurin. Celina ta kawo wa Malam ruwan alwala, ta shimfiɗa masa sabuwar tabarma a cikin ɗakin, tana ƙoƙarin nuna masa alƙibla.

"Ni na gina ɗakin, ni za ki nuna wa gabas?"

Ta yi dariya har da ƙwalla, ta fita ta ja masa ƙofa.

Bayan ya idar bai yi saurin tafiya ba. Tsofaffin unguwa suka ji labari suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya. Aka kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, suka zauna suna ci suna gardamar gonar wa ce a da inda gidan mai yake yanzu. Sau biyu Bilkisu tana tayar da mota, yana ce mata ta ɗan ƙara haƙuri.