Batiran Apa

Toktosun irin mutanen nan ne da ko gishiri ya aike ka saye, sai ya lasa ya ji ko ka surka da gari. Ba mugu ba ne. Duk layin masu kayan wuta na kasuwar Osh babu wanda zai ce ya taɓa cutarsa da ko kwabo, amma zargi ya zauna masa a jini, kuma shi a wurinsa wannan ne ake kira hankali. Shi ya sa ranar da ya kai wa mahaifiyarsa farantan sola da batira can mazauninsu na hunturu a tsaunin Alai, inda ko turken wutar gwamnati babu, bai sauko ba sai da ya maƙala wa akwatin batiran wata 'yar na'ura mai layin waya a ciki. Kuɗinta bai kai na cinyar rago ba. Aikinta ta riƙa aiko masa a waya abin da rana ta zuba, da abin da gida ya sha, da abin da ya rage.

Ƙaninsa Saginbek, wanda ke zaune da tsohuwar yana kiwon dabbobin gidan, ya tsuguna ya ƙare wa abin kallo.

"Yaya, ɗan leƙen asiri ka kawo mana ke nan?"

"In ba ka da abin ɓoyewa, me ya dame ka?"

"Ba komai. Ka dai ce masa kada ya riƙa ƙirga min loma."

A yi wa Toktosun adalci, yana da dalilinsa. Ƙirjin Apa, kamar yadda suke kiran tsohuwar, ya daɗe da gajiya, kuma likita ya ce sai da injin iska mai taimaka mata numfashi dare da rana. An yi juyin duniya ta sauko birni ta ƙi, ta ce iskar Osh warin mota take yi, ita a bar ta kusa da kabarin mijinta. To injin nan batira yake ci. In batira suka ƙare cikin dare, numfashinta ne ya ƙare, kuma daga can zuwa asibiti mafi kusa sai an haye tsauni.

Haka ya shekara yana duba wayar nan fiye da yadda yake duba fuskar matarsa. Har ya haddace rayuwar gidan daga nesa. A fuskar wayar akwai wani layi da ke miƙe sambal ba ya hawa ba ya sauka, wannan injin Apa ne. Ɗan tudun da ke tasowa da safe butar shayin Gulbarcin ce, matar Saginbek. In wani abu ya ɗaga kai wanda bai sani ba, nan take zai buga. Akwai ranar da Saginbek ya bar maƙwabcinsu ya yi cajin injin askin tumaki, wallahi sai da aka yi sati ana jin labarin a layin kasuwa.

Ranar da abin ya faru hadari ya rufe tsaunin kwana biyu, rana ba ta zuba komai. Tun jiya da la'asar, bayan ya gama sauke kaya daga mota, ya lura gidan yana shan wuta fiye da kima, ya buga ba a ɗauka ba, ya ce bari ya ga gudun ruwansu. Da safe yana buɗe shago ya duba, sai ya ga batira sun sauka ƙasa da rabi, kuma har yanzu ana zuƙa kamar an buɗe gidan abinci. Sai a kira na uku Saginbek ya ɗauka.

"Me kuke kunnawa a gidan nan?"

"Ina kwana, Yaya."

"Na ce me kuke kunnawa?"

"Baƙi muka yi."

"Waɗanne irin baƙi cikin wannan ƙanƙarar?"

"Baƙi dai."

"Ba ni Apa."

"Tana kwance," in ji Saginbek.

"Tashe ta."

"Yaya, layin ba kyau. Zan kira ka."

Layin kuwa garau yake. Kuma muryar yaron ta dishe, irin dishewar wanda ya kwana yana waƙa ko yana kurɓar abin da bai kamata ba. Toktosun ya ajiye wayar a kan kwalin wayoyi yana huci.

Rahmatillo, mai sayar da ƙwayayen fitila a shagon da ke manne da nasa, ya leƙo da butar shayi a hannu. Shekarunsu goma suna maƙwabtaka, kuma babu ranar da ba ya tsokanarsa.

"Shugaban hukumar wuta na tsaunin Alai, yau wa aka kama?"

"Ka bari, ba wasa nake ba. Shagali suke yi da wutar tsohuwa."

"Ka gani da idonka?"

"Ga shi nan a rubuce."

"Wayar nan ta ce maka an sha wuta, ba ta ce maka wa ya sha ba. Sha shayi. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya."

"Ruwa ba ya tsami banza," in ji Toktosun, ya ture kofin gefe.

Ya kira Gulbarcin. Ita bisa al'ada ba ta kama sunan yayan miji, Yayan Birni take ce masa, kuma kullum in ya buga sai ta jero gaisuwa har ya gaji. Yau ko gaisuwar ba ta gama ba. Ya ji hayaniyar mutane a bayanta, da ƙarar kwanuka, da haniniyar dawakai ba ɗaya ba ba biyu ba.

"Yayan Birni, sai dai ka yi magana da shi," ta ce, ta kashe.

Ya kira ƙanwarsu da ke aure a Kara-Suu, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya kira ɗan baffansu a Gulcho, a kashe. To a nan biri ya yi kama da mutum. Tun kaka Saginbek ke maganar yi wa ɗansa bikin kaciya, shi kuma ya ce a bari sai bazara, lokacin da rana ta wadata. Ashe haɗa baki suka yi, dangi kaf, suka yi abinsu a bayan idonsa don kada ya hana. Abin ya yi masa ciwo, ba ma don wutar kaɗai ba. Shi ne babba, shi ya ɗauki nauyin gidan, amma an mai da shi dodon da ake ɓoye wa biki.

Yana cikin wannan sai matarsa ta kira, tana magana a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

"Baffa Ormon yana gari. Ya je gida bai same ka ba, na ce kana shago."

"Me ya sauko da Baffa cikin wannan sanyi?"

"Ban sani ba. Ka dai tsaya a shagon."

"Ke ma da ke aka haɗa ke nan."

Ta kashe wayar. Shi kuwa ya riga ya gama lissafinsa: sun ga asiri zai tonu, sun turo ƙanin mahaifinsu ya zo ya ba shi baki. Ya sake duba wayar, batira sun ƙara sauka. In aka ci gaba a haka ba za su kai asuba ba, kuma gobe ma hadari ne. Tsoro ya haɗu da fushi, ya sake buga wa Saginbek.

"Ka saurare ni da kyau. Na san abin da kuke yi. Ka tara mutane suna cin nama, suna cajin wayoyinsu da numfashin uwarka. Kai ko kunya ba ka ji? Tun kana yaro haka kake, abin da za ka ci yau kawai ka sani. Wallahi in injin nan ya tsaya, kai ka kashe ta, kuma a gaban kowa zan faɗa."

Can ya ji yaron ya ja numfashi.

"Na ji, Yaya."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Rahmatillo, da ke jin komai ta bangon kwantenar da aka yi shagunansu da ita, ya girgiza kai ya ce, "Ka yi yawa, maƙwabci." Toktosun bai ko kalle shi ba.

Akwai abin da bai taɓa gaya wa kowa ba. Lokacin da yake haɗa wayoyin gidan ya raba su biyu, ɗakin Apa daban, sauran gida daban, kuma ya sa wa layin sauran gidan makunnin da yake iya kashewa daga wayarsa. Bai taɓa amfani da shi ba, ajiye shi ya yi don irin wannan rana. Ya danna. Ya zuba ido yana jiran lambar ta sauko ta tsaya a kan cin injin Apa, lambar da ya sani kamar sunansa. Ta sauko, ta sauko, ta wuce wurin, ta tsaya a sifili.

Ya miƙe tsaye har kwalin ya kife. "Sun zare mata injin. Rahmatillo, zo ka gani. Sun zare injin tsohuwa sun jona butocinsu."

Rahmatillo ya zagayo ya karɓi wayar, ya nisanta ta da fuskarsa don ba shi da tabarau. "Ina ake ganin na jiya?"

Toktosun ya fizge ya ja hoton baya da yatsa. Jiya da safe yana kan motar kaya, bai duba ba. Ga layin Apa nan miƙe tun dare, ga ɗan tudun butar Gulbarcin. Hantsi na yi layin ya yanke. A lokacin batira na da wuta sosai, ba abin da ya ƙare, da hannu aka kashe injin. Daga nan gidan bai sha komai ba har azahar, ko ƙwan fitila ɗaya. Sai bayan haka wuta ta fara hawa, kaɗan kaɗan, yadda mutane ke isowa gida ɗaya bayan ɗaya.

Ya daɗe yana kallon wurin da babu komai ɗin. Babu mai shirin biki da zai zauna rabin yini bai kunna ko buta ba.

A tsaunin nan ba a gaya wa ɗa mutuwar uwarsa ta waya. Ko ya buga sau ɗari, sai a ce tana kwance, ko a ce jikin ne ya ɗan motsa, har sai manya sun taka da ƙafarsu sun same shi, sun zaunar da shi, babba a cikinsu ya faɗa masa da bakinsa. Ƙani ba shi da hurumin faɗa, balle matar ƙani. Toktosun ya san wannan sarai, da shi aka je gaya wa wasu. Dawakan da ya ji na masu zuwa gaisuwa ne. Hayaniyar kwanukan ta abincinsu ce, kuma wutar da ake sha ta tantin da aka kafa a tsakar gida ce, inda aka kwantar da ita ana jiran ɗanta na fari ya iso a binne ta.

Rahmatillo ya koma shagonsa ya kashe rediyo, ya dawo ya tayar da kwalin da ya kife, ya kama kafaɗar Toktosun ya zaunar da shi.

Toktosun ya nemo makunnin ya mayar musu da wuta. Ya jira lambar ta hau. Ba ta hau ba. Ya kashe ya sake kunnawa, tana nan a sifili. Na'urar lafiyarta ƙalau, Saginbek ne ya bi gidan ya zare komai bayan wayar nan, da gida cike da mutanen da suka hayo tsauni cikin ƙanƙara.

Daga bakin layin kasuwa ya hango fararen huluna uku suna tahowa a hankali, 'yan kasuwa na matsa musu. Baffa Ormon ne a gaba da sandarsa, takalmansa jiƙe da laka har gwiwa. Toktosun ya zauna a inda yake yana jiransu. Tsofaffin suka shigo shagon da ko mutum biyu ba ya ɗauka da daɗi, suka zauna a kan katan-katan, suka shafa addu'a. Ya bar su suka yi komai bi da bi, don sun sha hanya saboda wannan, kuma haƙƙinsu ne.

"Toktosun, ɗana," in ji Baffa Ormon, ya riƙo hannunsa da hannu biyu. "Ka daure. Mahaifiyarka ta riga mu, jiya da hantsi. Ta sha shayinta, ta ce a jingina ta, a ƙirjin ƙaninka ta cika. Da tun jiya mun iso, ƙanƙara ce ta rufe hanya muka kwana a mota."

Toktosun ya sunkuyar da kai, hawaye na sauka a kan hannun tsohon. Sauran biyun suka yi ta ba shi haƙuri, yana amsawa da ka. Sai da ya ɗan lafa Baffa Ormon ya matso, ya rage murya don kada na waje su ji.

"Yaron nan tun jiya bai zubar da hawaye a gaban mutane ba, shi ke tarbar baƙi, shi ke yanka musu dabbobi. Amma ɗazu muna shigowa kasuwa ya kira ni yana kuka kamar ƙaramin yaro, ya ce Baffa don Allah ku yi sauri, ba zan iya sake ɗaukar wayarsa ba." Tsohon ya dube shi. "Me ka ce masa?"

Baffa Ormon bai saki hannunsa ba, yana jira.