Sai Bayan Sallah

Hansai ta jira aka kwashe kwanonin abinci, sannan ta ture farantin nama gefe, ta shimfiɗa taswirar teku a tsakiyar kafet ɗin yayanta. Ta danne kusurwa ɗaya da flas ɗin shayi, ɗaya da wayarta. Ranar Babbar Sallah ce, ƙarshen watan Mayu, a gidan yayan nata, Alhaji Nata'ala, da ke Tottenham a Ingila. Baƙi sun watse, saura shi da matarsa Muhibbat, sai Juliana Katung, aminiyar Hansai, wadda ba ta taɓa fashin cin naman Sallah a gidan ba.

Alhaji ya kalli taswirar ta saman tabarau. Ya santa sarai, don ba yau ya fara ganinta ba.

Hansai da Juliana ma'aikatan jinya ne, asibiti ɗaya suka tsufa a ciki. Wasu matan sukan tara gwal, su kuwa tsohon jirgin ruwa mai tafiya da iska suka haɗu suka saya, suka sa masa suna Gungu, suka ɗaure shi a tashar jiragen ruwa ta Limehouse. Duk hutun da suka samu a kan ruwa yake ƙarewa. Sun yi karatu, sun ci jarrabawa, sun sha amai a tekun Ingila har cikinsu ya saba. Burinsu ɗaya ne, su tsallaka tekun Atlantika da hannunsu.

Abin da ya riƙe Hansai kuwa magana ce guda. Ranar da Inna, mahaifiyarsu, za ta rasu ta kama hannunta ta ce, duk inda za ki, in dai nesa ne, yayanki ya sallame ki. Hansai ta amsa. Ita kuwa mace ce da in ta ce to, ko ƙasa za ta tsage ba ta canzawa, har ma da abin da yake cin ranta.

Shi kuma Alhaji bai iya cewa a'a ba. Shekara da shekaru ya yi a wani ofis kusa da Charing Cross, inda ya ƙware wajen sallamar mutum hannu rabbana yana ta godiya. Da Hansai ta fara kawo masa zancen, bai ɗaga murya ba. Murmushi ya yi ya ce, "A bari sai bayan Sallah." Duk Bahaushe ya san abin da ake nufi da wannan, wato babu rana. In Ƙaramar Sallah ta wuce ta dawo, sai ya ce ai Babbar yake nufi. A shekarun can kuwa Babbar Sallah ƙarshen zafin Turai take faɗowa, lokacin da tekun Biscay ya fara hauka, ba mai hankalin da zai shiga da ƙaramin jirgi. Da bakinta za ta ce lokaci ya wuce, shi kuma ya girgiza kai da tausayi ya ce Allah ya kai mu baɗi. Daga nan annoba ta rufe duniya, sannan gwiwar Juliana ta buƙaci aiki, shi dai bakinsa bai canza ba.

Abin da Alhaji bai lura da shi ba shi ne, Sallah ba a zaune take ba. Kowace shekara takan ja baya kaɗan. Hansai ta lura. Shiru ta yi tana kallon wata yana yi mata aiki.

"Yaya," ta ce, "yau wace rana?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Ga nama a gabanki."

"To gobe bayan Sallah ke nan." Ta ɗora yatsa a bakin kogin Thames. "Ranar Asabar ruwa zai fara janyewa da hantsi, shi zai fitar da mu. Mu bi gaɓar kudu a hankali har Falmouth. Can za mu zauna jiran iska mai kyau, ba ma gaggawa. Mu tsallaka Biscay cikin Yuni, lokacin da ya fi kwanciya, mu sauka Sifen."

"Hansai."

"Ban gama ba. Daga nan iskar arewa za ta tura mu gefen Portugal har tsibiran Canary. Can za mu yi zaman jira, don daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne a wancan ɓangaren, ba wanda ke tsallakawa. In ta lafa, iskar gabas ta daidaita, sai mu gangara kudu mu miƙe yamma har Barbados."

Juliana ta ajiye kofinta. "Na riga na yi booking ɗin lock ɗin, ƙofar ruwan da za a buɗe mana mu fita kogi, Alhaji. An yi service ɗin inji, an canza igiyoyi. Ni ma na yi retire, ba shift ɗin da zai kira ni."

Alhaji ya gyara zama, murmushin ofis ya dawo fuskarsa. "Kun yi ƙoƙari ƙwarai. Amma ai ban ce wannan Sallar ba."

"Ka ce," in ji Muhibbat, ba tare da ta ɗago daga tsintar ƙashin da take yi ba. "Ranar Ƙaramar Sallah a kujerar nan. Ta tambaye ka wacce, ka ce Babba mai zuwa. Ni ba zan yi maka ƙarya ranar layya ba."

Ya harare ta, ta yi kamar da bango yake.

Ran Hansai ya ɓaci, ɓacin da ya daɗe yana taruwa. Son yayanta take yi, shi ya riƙe ta, shi ya kawo ta ƙasar nan, kuma shi ya cinye mata shekarun ƙarfinta da murmushi. "Yaya, dubi kaina," ta ce, ta ɗan ja ɗankwalinta baya, furfura ta bayyana. "Sallah nawa kake jin ta rage mini da zan iya jan igiya? Sallama kam ka riga ka ba ni, ga shaida a zaune. Inna ba ta ce sai ka ji daɗi ba. Ranar Asabar zan tafi. Addu'a na zo karɓa, in ka ga dama."

Alhaji ya cire tabarau, ya sunkuya kan taswirar. Yatsansa ya tsaya kan shuɗin da ya fi duhu.

"Nan zurfinsa fa?"

"Ba a kaiwa ƙasa."

"Baba a ruwan da bai wuce tsawon gwangwala biyu ba ya tafi," ya ce a hankali. "A Yawuri, gari na kallo. Ina tsaye a bakin gaɓa riƙe da kwandon kifinsa. Ke kina goye."

Ta san labarin, kowa a zuriyar ya sani. Mahaifinsu Basarke ne, masunci gaba da baya, a kwale-kwale aka haife shi, ɗansa kuwa har yau in bas zai hau gada sai ya runtse ido.

"Na sani," ta ce. "Kai ka ga ranar da ruwa ya ɗauke shi. Ni ban ga komai ba, jininsa kawai aka bar mini. Tsoron nan naka ne, Yaya, na taya ka riƙe shi iyakar iyawata. Na gaji."

Alhaji ya ɗauke ido daga taswirar. Ya daɗe yana kallon farantin naman da ta ture gefe. Can ya ce, "Muhibbat, cinyar nan da kika ajiye, a sake soya ta, ta bushe ƙarau. A zuba a roba mai murfi. Iskar gishiri ɓata abu take yi."

Juliana ta sunkuyar da kai. Hansai ta gane ya yarda, don ba a yi wa wanda aka hana tafiya guzuri. Ta fara naɗe taswirar, sai ya dafe gefenta da tafin hannu.

"Allah ya kiyaye hanya," ya ce. "Amma ki dawo mini kafin Sallah. A nan nake so ki ci nama baɗi."

Hansai ta duba takardar. Ba a baro wancan gefen sai Mayu, a biyo ta tsibiran Azores, a iso Ingila tsakiyar zafi. Sallar baɗi kuwa za ta ƙara ja baya, kamar yadda ta saba. Tana iya cewa to, ya kwana da daɗi. Amma ba ta taɓa cewa to a kan abin da ba za ta cika ba.

"Iska ba za ta bari ba, Yaya," ta ce. "Sai bayan Sallah."

Alhaji ya ɗago ya dube ta, fuskarsa ba sauran murmushi. Shi ya fi kowa sanin abin da ake nufi da maganar nan.

"Ni tawa gaskiya ce," in ji Hansai. Ta zare taswirar daga ƙarƙashin hannunsa.