Saƙon Da Na Kai Kurkuku

Shekara tara ina tsaron kwamfutocin kamfaninmu, har abokan aiki suka manta sunana, sai dai Maigadi. Ni nake toshe ƙofa idan masu kutse sun taso, ni nake bin ofis-ofis ina yi wa mutane faɗa kada su latsa duk abin da aka turo musu. Amma da kujerar shugaban sashen tsaro ta faɗi, sanarwar ta ce sai mai satifiket na ƙwarewa, kuma a rubuta lambarsa a fom kafin ƙarfe huɗu na ranar Juma'a. Na ji haushi ƙwarai, don shekara tara ba ta da lambar da za a rubuta a fom.

Na haɗiye haushin, na yi karatun wata uku, na zauna jarrabawa. Hukumar da ke ba da satifiket ɗin ta ce sakamako zai zo ta imel cikin kwana biyar. Ga Juma'ar da za a rufe karɓar fom ta zo, kwana takwas ke nan, shiru.

Tun safe na kasa zama, sai kai-komo nake kamar kazar da za ta yi ƙwai. In duba imel, in je in cika kofi da ruwa, in mance shi a kan injin fotokofi, in dawo in sake dubawa. Maiɗakina ta kira sau uku.

"Baban yara, ya zo?"

"Da ya zo ai da kin ji ihuna daga nan."

Bayan azahar na buga wa hukumar waya. Wata mata ta ce, "Mun tura tun Litinin, yallaɓai, har sau biyu. Lamba kuwa ba ma faɗa ta waya, dokar tsaro ce." Wai ni za a koya wa dokar tsaro!

Teburin da ke fuskantar nawa na Mai Takardu ne. Haka muke kiranta saboda satifiket uku gare ta, kuma na daɗe ina yi mata ba'a cewa takarda ba ta kama ɓarawo. Ita ma kujerar take nema. Ta ɗago kai ta ce, "Maigadi, da wane adireshi ka yi rajista?"

"Na ofis."

"To ka leƙa kurkuku?"

Kurkuku muke ce wa inda ake tsare saƙonnin da ake zargi. Na leƙa, sai ga shi a sama: "Muna taya ka murna! Latsa nan don karɓar shaidarka." Irin kalmomin da nake yi wa mutane gargaɗi a kansu ke nan. Ranar Litinin na gan shi cikin saƙonni arba'in, ban ko dubi wanda ya aiko ba na kulle shi. Har na rubuta a gefe da hannuna: "Damfara ce, ko makaho ya gane." Kunya ta rufe ni.

Kuma wanda ya kulle saƙo ba shi zai buɗe ba, sai mutum na biyu ya bincika, yana da awa ashirin da huɗu. Ni na rubuta wannan dokar bara. Mutum na biyun kuwa ita ce. Ƙarfe uku da minti ashirin ya yi. Da za ta ce sai gobe, babu wanda zai ga laifinta.

Na tsaya a gaban teburinta. "Don Allah, 'yar'uwa, ki sake shi kawai."

"In karya dokarka? Ashe wanzami ba ya son jarfa."

Ba ta ce sai gobe ba, amma ba ta tsallake komai ba. Ta duba adireshin mai aikowa harafi-harafi, ta gwada sa hannun hukumar da ke jikin saƙon, ta buɗe saƙon a keɓantacciyar kwamfutar gwaji. Ni ina zagaya ta, idona kan agogon bango. Ta ce, "Ka zauna mana, kana tare mini haske."

Saura minti goma sha uku ta sake shi. Na ci jarrabawar. Sau biyu ina kuskuren rubuta lambar, na miƙa fom saura minti huɗu. Na juyo zan yi godiya, ta tare ni.

"Bar godiyar. Ba na son kujerar da zan samu don kawai ba ka shiga takara ba. Saura rahoton kuskure. Wanda ya yi shi ke rubutawa, kuma kwafi na zuwa ga kwamitin da zai tantance mu."

Na san haka ne, ba sai ta nuna mini shafin dokar ba. Na koma kujerata, na buɗe takardar rahoto, na rubuta sunana a layin farko, inda aka ce wanda ya jawo matsalar.