Minti Huɗun da Aka Cire

Wuta ta ɗauke da ƙarfe sha ɗaya na safe, janareta ya karɓa, kwamfutocin ƙaramin asibitin suka farfaɗo. Mai kula da su, wadda kowa ke kira Injiniya, tana tsugune a ɗakin allura tana gyara wayar firinta, sai ga wata tsohuwa da jikarta a kafaɗa, 'yar shekara uku, jiki kamar garwashi.

"Iya, akwai maganin da ba ya karɓar ta?" Sista ta tambaya tana zuƙo ruwan allura.

"Akwai wanda ya kumbura ta bara, har numfashi ya gagara. Sunansa kuwa, 'yar nan, sai uwarta, ga wayarta a kashe. Amma nan kuka rubuta."

Sista ta buga lambar katin. "Fes, ba komai. Iya, ko dai wani asibitin kika je kika ɗora mana?"

Injiniya ta ɗago kai ta dubi allon. Ba nauyin yarinyar, ba ranar haihuwa, ba zuwan bara.

"Sista, ajiye sirinjin nan. Buɗe min katin wani."

Shi ma wayam.

Nan take Injiniya ta gane. Bayanan marasa lafiya suna cikin wani tsohon faifai da ke cin minti huɗu kafin ya shirya. Da can akwai wani layin umarni a kwamfutar wanda ke hana manhajar asibitin tashi sai faifan ya amsa. Makon jiya Likita ya dame ta da mitar jira, ita da hannunta ta goge layin. Yau manhajar ta riga faifan tashi, ta tarar ba kowa, ta buɗe sabuwar ma'ajiya ta zauna a gurbinsa, tana nuna wa mutane fanko kamar gaskiya.

Da gudu ta faɗa ɗakin na'urori. Ta tsayar da manhajar, ta mayar da layin, don sauri har sau biyu tana kuskure, sannan ta kashe komai ta kunna.

"Wa ya kashe mana allo?" Likita ne a bakin ƙofa. "Layi har waje, ga yarinya na neman shiɗewa!"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ni na cire jiran, ni na mayar. A goga mata ruwa, amma kada allura ta taɓa ta."

"Har yaushe?"

"Har fitilar nan ta koma kore."

Fitilar faifan na ta ƙifta ja. Kukan yarinyar na ratso bango, siriri, irin wanda nata ɗan ke yi idan ƙarfinsa ya ƙare. Hannunta ya kai ga madannan kwamfutar don ta tilasta wa manhajar tashi, ta janye shi ta matse a hammata. Likita ya duba agogo.

Fitilar ta koma kore.

Suka koma ɗakin allura suka iske Sista tsaye, ido a kan jan rubutun gargaɗi da ya fito a katin yarinyar, kwalbar maganin a hannunta. Sunan da ke allon da na jikin kwalbar ɗaya ne. Ta jefa sirinjin a kwandon shara. Likita ya zaro biro ya rubuta wani maganin.

"Sista," in ji Injiniya, "mutum nawa kika yi wa allura tun da wuta ta dawo?"

"Ita ce ta farko."

Sai a lokacin Injiniya ta zauna a kan benci kusa da tsohuwar, ta karɓi jiƙaƙƙen tsumman, ta ci gaba da goga wa yarinyar a goshi.