Awa Huɗun da Suka Zama Shida

Ni na yi kuskuren lissafin. Na ce jirgin zai yi awa huɗu a sama, alhali shida ne.

Maƙwabcina mai gyaran agogo yana kwance, ciwon ciki ya gama cinye shi, asibiti sun sallamo shi gida. 'Yarsa tilo tana aiki a wata ƙasa. Ƙarfe bakwai na safe ta kira ta ce jirginsu zai tashi. Uwargidansa ta nuna min hoton tikitin a waya: tashi tara, sauka ɗaya. Ni walda na iya, ba boko ba. Na ƙirga da yatsu daga tara zuwa ɗaya, ban tsaya tambayar me ya sa tikiti ya ce tara alhali bakwai muke ba.

"Awa huɗu daga yanzu," na ce. "Ƙara ɗaya ta mota, sha biyu tana ɗakin nan."

Nas ɗin da ke zuwa duba shi a gida ta riga ta zuƙo allura. Ba ta ɓoye mana ba: in ta yi masa, zafin zai kwanta, amma zai yi barci, kuma ba lallai ya farka ba.

"Mayar da ita jaka," in ji maƙwabcina.

"Malam, dubi yadda kake gumi," in ji uwargida. Ya kafe ta da ido har ta sauke kai. "To, zuwa sha biyu. Ko minti ɗaya ba zan ƙara maka ba."

Sha ɗaya da rabi na kira direban da muka tura filin jirgi. Ya ce allon filin ya nuna sai ƙarfe ɗaya za su sauka, agogon ƙasar da ta taso ya riga namu da awa biyu. Da uwargida ta fita ɗebo ruwa, na lallaɓa na mayar da hannun agogon bango baya.

"Kai mai walda," na ji muryarsa ƙasa-ƙasa. "Shekara arba'in ina wannan sana'a, a gabana za ka yi wa agogo fashi?"

"Na yi kuskure, maƙwabci. Shida ne."

"Kilomita dubu huɗu da ɗari biyar a awa huɗu? Harsashi ta hau? Tun safe na sani. Da ka ce shida, da matar nan ba ta yarda ba." Ya ja numfashi da kyar. "Saura agogo uku a kan tebur. Ka kuma ɓoye wayarta."

Na yi duk abin da ya ce. Uwargida ta dawo, ta dubi bango, ta dube ni, ta zauna tana goge masa goshi. Ba ta nemi wayarta ba.

Biyu da minti goma muka ji ƙarar akwati a kan siminti. 'Yar ta faɗo ɗakin da takalmi a ƙafa.

"Baba."

Ya buɗe ido tar. "Kin rame. Ba sa ba ku abinci a jirgin?"

Ta yi dariya tana kuka. Ya riƙe hannunta, suka yi magana kusan minti ashirin, har ya yi mata faɗan rashin kira. Sannan ya juya wajen nas.

"Yanzu kawo abarki."

Kafin rana ta faɗi ya cika. Da na zo gyara masa kwanciya, na ɗaga matashin kansa. Gefe guda ya jiƙe, ya huje da shatin haƙora, auduga ta fito waje.