Tankin Ajin Ƙanana

A zauren wayar da iyayen yaran makaranta ke hira, duk wanda ya ga an ce yaro ba lafiya sai ya rubuta "Allah ya sawwaƙe" ya wuce. Maman 'yan biyu ce kaɗai ta tsaya ta ƙirga. Yara bakwai cikin kwana uku, duk gudawa, kuma duk ajin 'ya'yanta, wato ajin ƙanana.

Ta je ta sami shugaban makaranta. Ya yi dariya ya ce, "Maman 'yan biyu, yaushe kika zama likita? Mangwaro ne ya yi musu yawa."

Ta ce, "Malam, ajinsu kaɗai mangwaron ya sani?"

Da ta koma gida, ta buɗe manhajar kai rahoton cuta da aka sa mata a waya ranar rigakafi. Ta kira iyayen ɗaya bayan ɗaya, tana shigar da ranar da ciwon ya fara da sunan makarantar. Mijinta ya leƙo ya ce tukunyarta na ƙauri, ta ce ya sauke mata.

Washegari jami'ar lafiya da ta ga rahoton ta iso makarantar, ta nuna wa shugaban taswira a wayarta, jajayen ɗigo bakwai sun taru a kan makarantar. Aka hau tankin ruwan da ƙananan ke sha, sai ga murfi a fashe, mataccen tsuntsu na yawo a ciki.

'Yan biyun dai ko ciwon kai ba su yi ba. Ranar da aka wanke tankin, shugaban ya tare mamansu a ƙofa ya ce, "Sannu da zuwa, likita." Wannan karon bai yi dariya ba.